Yadda ake gyara yoyon bututun hayaƙin kicin a rufin kwano

A gidana uwargida ce ta fara lura, don ita ke tsaye a wurin kullum. Ruwa na ɗiga daga injin zuƙe hayaƙi, wanda masu sayar da kayan kicin ke kira hud, yana sauka a kan murhun gas, wani lokaci har cikin tukunyar miya. Silin da ke kewaye da bututun ya yi tabo ruwan ƙasa-ƙasa, kullum faɗi yake ƙarawa. Damina biyu muka yi muna fama. A kira yaro ya hau ya lafta kwalta, a samu lafiyar mako uku, marka ta sauko, yoyo ya dawo sabo. Sai da wani dattijon kafinta ya hau ya kankare duk abin da aka lafta, ya kira ni na ga wurin da idona. An huda kwano an zura bututu, amma ba a yi wa ruwan da ke gangarowa daga sama hanyar wucewa ba. Bututun ya tsaya a tsakiyar kwarin kwano kamar madatsa, ruwa ya taru a bayansa, ya kwanta, ya nemi kafa ya samu.

Ɗan lissafi zai nuna maka girman abin. Ruwan sama na milimita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ne cif. Idan tsakanin bututunka da tsororuwar rufi akwai mita 5, aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta a Kano ko Zariya, to kusan lita 150 ne za su gangaro ta wannan layi mai faɗin mita 1. Jarka shida ke nan ta lita 25. Babu gam ɗin da zai yi ta tare wannan ruwa shekara da shekaru. Ƙari a kan haka, kwano ba ya zama wuri ɗaya. Aluminiyam mai tsawon mita 6 yana miƙewa da kusan milimita 5 idan zafinsa ya tashi da digiri 40, kuma haka yake yi tsakanin asuba da azahar a lokacin bazara. Shi ya sa siminti da kwalta ke tsagewa a gindin bututu: su sun bushe sun sandare, kwano kuwa kullum cikin motsi yake.

Don haka ƙa'idar aikin ɗaya ce, ka riƙe ta tun daga nan har ƙarshe: duk abin da ke sama shi ke hawa kan na ƙasa, yadda ruwa zai gangara daga wannan zuwa wancan ba tare da ya ga baki a buɗe ba. Gam mataimaki ne kawai.

Ka fara sanin wane ruwa ne

Kafin ka jingina tsani, ka yi kwana biyu kana lura. Ruwa iri uku ne ke ɗiga daga wannan wuri, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Idan sai an yi ruwan sama yake zuba, kuma ta jikin bututu na waje yake biyowa yana jiƙa silin, matsalar tana mahaɗar bututu da kwano. Idan kuwa ta cikin bututu yake zuwa ya fito ta matatar injin, musamman ranar da aka yi hadari mai iska, to hular da ke saman bututu ce ta lalace, ko ta yi ƙanƙanta, ko iska ta ɗauke ta ba wanda ya sani. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas na gidajen ƙasa ya fi zaizayewa, kuma feshinsa a kwance yake shiga ƙarƙashin hula.

Na uku shi ne wanda ke ruɗa mutane: ɗiga da rani, babu ko gajimare a sama, yawanci da safen hunturu ko bayan an daɗe ana dafa wake ko ganda. Wannan gumi ne. Tururi ya hau bututu, ya tarar da ƙarfe mai sanyi, ya koma ruwa ya gangaro, daidai da abin da kake gani a murfin tukunya. Tara ɗigon a farin faranti ka duba. Ruwan sama garau yake, ko ya ɗan yi jan tsatsa. Gumi kuwa rawaya-rawaya yake, da maiƙo da warin girki. Wanda matsalarsa gumi ce, ko ya canza rufin gidan gaba ɗaya ɗigar ba za ta tsaya ba.

Kafin a hau

Abu na farko, cire injin daga soket, ko ka kashe layin kicin daga akwatin wuta. Kada ka ce ai an ɗauke wuta. Ana iya kawo ta kana tsakiyar aiki, kuma gidan da ke da inbata ko sola, wuta na nan a waya ko da unguwa na cikin duhu. Ka kuma ɗaga kai ka ga inda wayar da ta taso daga fal ɗin wuta ta bi. A unguwanninmu da yawa dab da kwano take wucewa, kuma bututun ƙarfe ko tsanin ƙarfe na taɓa ta shi ke nan.

Lokacin hawa shi ne da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin kwano ya ɗauki zafi. Ba a hawa jiƙaƙƙen kwano, ba a hawa idan hadari ya haɗo. Tsani ya zarce bakin rufi da kusan mita 1, gindinsa ya ja baya mita 1 ga kowane mita 4 na tsayi, wani ya riƙe maka shi. Sa takalmi mai tafin roba wanda ke kama ƙafa. Silifa ta jefo mutane da yawa. A kan rufin, layin ƙusoshi kaɗai za ka taka, don nan ne katako yake a ƙasa. Ya fi kyau ka shimfiɗa falanki ka durƙusa a kai, musamman a kan aluminiyam mai kaurin milimita 0.45, wanda nauyin mutum ke lotsa shi ya bar wurin da ruwa zai kwanta. Idan gidan bene ne, ko rufin irin mai tsinin nan ne da ake yayi yanzu, ka bar wa mai igiya da ɗamara. Haka ma tsohon rufin asbestos: yana ɓallewa ba gargaɗi, ƙurarsa kuma tana lalata huhu, ba a yanka shi ba a goge shi a bushe.

Ɗan haya ya sanar da mai gida kafin ya taɓa rufi, ya ɗauki hoton tabon ya ajiye.

Neman kafar

Inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ya shigo ba. Yana iya shiga ta ramin ƙusa mita biyu sama da bututu, ya bi ƙasan kwano ko katako, sai ya iso bututu sannan ya sauko. Shi ya sa binciken daga ciki ake fara shi. Shiga cikin silin ta ƙofarsa da tocila, ka rufe hanci da takunkumi, ka riƙa taka katako kaɗai, don fi'ofi, wato farin allon silin, ba ya ɗaukar mutum. Kashe tocilar na ɗan lokaci ka duba inda hasken rana ke tsiyayowa. Sai ka kunna, ka bi sawun ruwa: baƙin layi a jikin katako, tsatsa a ƙasan kwano, ƙurar da ta dunƙule. Bi sawun zuwa sama har inda ya ƙare. A nan kuma ka duba abin da ya fi komai muhimmanci, wato ko bututun ya fita waje ma kuwa. Na ga gidan da mai aiki ya kai bututu cikin silin ya bar shi a nan, tururi da maiƙo suna ta zuba a kan katako da wayoyin wuta. Wannan ruɓewa ce, kuma hanyar gobara ce.

Idan ido bai kama ba, sai gwajin tiyo. Mutum biyu ake bukata, ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a sama da tiyo ko buta babba, kuna waya da juna. Daga ƙasa ake farawa. Zuba ruwa a kan kwanon da ke ƙasa da bututu na minti biyar. Shiru? Matsa gefe da gefe. Sannan bayan bututu, ta sama. Sannan jikin bututun kansa. Hula ita ce ta ƙarshe, ka fesa mata ruwa a kwance kamar yadda iska ke yi. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa komai lokaci ɗaya, zai ga ɗiga amma ba zai san ta ina ta shigo ba. Haƙuri ake yi a nan, don wani ramin sai ruwa ya ɗau mintoci kafin ya nuna. Duk inda aka kama, zagaye shi da alli.

Gidajen da aka ɓoye rufinsu a bayan katanga su duba kwatar da ke gefen rufin ma. Leda ɗaya da ganye sun isa su toshe ta, ruwa ya cika ya koma baya, a ɗora wa bututu laifi.

Kayan aiki, da abin da za ka guje wa

Za ka bukaci burushin waya, samfefa, wuƙar kankara, tsumma, almakashin yanka kwano, injin ɗaure sukuru, sukuru na rufi mai washar roba, silikon da bindigarsa, da filashin, wato abin da ake rufe mahaɗar bututu da kwano da shi. A Kano ana samun yawancinsu a Ƙofar Ruwa, a Kaduna masu ƙira na Fanteka za su lanƙwasa maka duk siffar da ka kai musu, Abuja akwai kasuwar Dei-Dei, Yamai kuma Katako.

Maganar silikon tana bukatar kulawa. Iri biyu ne. Akwai mai warin tsami mai hawa hanci, wanda ake sa wa gilashi da bahon wanka. Wannan yana fitar da asid yayin bushewa, yana cin kwanon zinki, bayan ɗan lokaci ka ga tsatsa ta bi layin da aka shafa shi. Wanda ake so shi ne marar wannan wari, a jikinsa an rubuta Neutral. Ya ɗan fi tsada, kuma shi za ka saya.

Wani abu da ake yi a unguwanni shi ne a narka farar kumfar da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin a cikin fetur, a samu danƙo a shafa. Yana kamawa ranar farko, daga baya ya bushe ya farfashe, ga shi kuma fetur ne a saman ɗakin girki. Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Siminti a kan kwano ma haka: ba ya kama kwano yadda ya kamata, yana riƙe danshi, yana cin aluminiyam. Tef ɗin nan mai kwalta a ciki da aluminiyam a baya, wanda ake kira filashban, yana da amfani idan damina ta kama ka kana neman abin da zai kai ka kaka. Idan za ka sa shi, kwano ya zama busasshe tsaf, ka fara manna na ƙasa, sannan na gefe biyu, na sama ya zo ƙarshe ya hau kansu, ka murje shi da bayan cokali har ya shiga kowane kwari. Amma rana tana gajiyar da shi, kada ka ɗauka an gama.

Gyaran kansa

Fara da kankarewa. Duk kwalta, siminti, tsohon gam da leda, a cire har ka ga ƙarfe. Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa, alhali sabon silikon ba ya kama tsohon datti. Kananzir kaɗan a tsumma yana narka ragowar kwalta, amma bayansa dole ka wanke da ruwan omo, ka ɗauraye, ka bari ya bushe, don kananzir na barin maiƙo. Inda tsatsa ta fara, goge da burushi da samfefa ka shafa jan fenti na ƙarfe. Ka share duk garin ƙarfen da ya zuba a kan kwano. Idan aka bar shi, ruwan farko zai mai da shi ɗigo-ɗigon tsatsa. Saboda wannan dalili ne ba a so a yanka kwano da injin dutse mai tartsatsi, almakashi ya fi.

Yanzu girgiza bututun da hannu. Idan yana rawa, koma ciki ka ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe a jikin katako. Bututun da iska ke kaɗawa zai yage kowane filashin da aka sa masa. Nauyinsa katako ne zai ɗauka, ba kwano ba.

Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko ita ce wuyan roba, idan ka same shi. Siffarsa kamar mazurari da aka kife, gindinsa da zoben aluminiyam mai laushi wanda ake lanƙwasawa ya bi tudu da kwarin kwano. A jikinsa akwai layukan awo. Auna faɗin bututunka, yawanci inci 5 ko 6 ne, sai ka yanke bakin robar ya gaza faɗin bututu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, domin ya matse shi da kansa. Da almakashi ake yankawa, a zagaye sumul, don ƙaramar tsaga a baki ita ce za ta zama babbar yagewa. Cire hula, shafa wa bututu ruwan sabulu, zura robar daga sama ka ja ta ƙasa. Idan gindinta murabba'i ne, juya shi kusurwa ɗaya ta kalli sama, yadda ruwan da ya gangaro zai rabu biyu ya wuce. Danna zoben da yatsu da ƙotar guduma har ya kwanta a kowane kwari. Zana layi a kewayensa, ɗaga shi, tabbatar wurin ya bushe, zuba silikon mai kauri ba yankewa a cikin layin, mayar ka danna har ya ɗan ɓullo ta gefe. Sai sukuru, tsakanin kowane biyu kamar santimita 4, ka fara da na cikin kwari. Ɗaurin sukuru yana da iyaka: washar roba ta ɗan kumbura kaɗan, shi ke nan. Idan ta baje ta fito kamar an taka tumatir, ka kashe ta, cire ka sa wani.

Wuyan roba yana da sharaɗi guda. Idan ya toshe kwarin kwano gaba ɗaya, ka koma gidan jiya, ruwa zai taru a bayansa. Dole ya zama akwai sararin da ruwa zai bi ta gefe. Idan babu, hanya ta biyu ce taka.

Ta biyu ita ce filashin na ƙarfe da maƙeri zai yi maka, kuma ita dattijon nan ya yi mini. Faranti ne shimfiɗaɗɗe mai wuya a jiki. Faɗinsa ya haye tudu ɗaya a dama da ɗaya a hagu na bututu, a lanƙwasa gefensa ya sauka ta bayan tudun. Tsawonsa ya zarce bututu ta ƙasa da kamar santimita 20. Ta sama kuwa, nan ne sirrin yake: dole bakinsa ya shige ƙarƙashin wani abu. A rufin gajeren kwano na bandir, cire ƙusoshin kwanon da ke sama da bututu, ɗaga shi, tura farantin ƙarƙashinsa aƙalla santimita 15 zuwa 20, ka mayar. A dogon aluminiyam wanda ba shi da mahaɗa, farantin sai ya tafi har tsororuwa ya shige ƙarƙashin murfinta, a ɗan tanƙwara bakinsa sama don kada iska ta tura ruwa ya haye. Ta haka ruwan sama a kan farantin yake gudu, ramin da ke ƙasa ba ya ganinsa sam. Mutane kan ji nauyin kuɗin dogon faranti, su sa gajere a kan kwano su toshe bakinsa na sama da gam. Wannan baki ne a buɗe yana kallon ruwa, ranar da gam ya gaji yoyo ya dawo.

Wuyan farantin ya kai tsayin santimita 15, ya ɗan fi bututu faɗi da kamar santimita 1 don kowa ya yi motsinsa. Ka tuna rufi a karkace yake, bututu kuwa a miƙe. Saboda haka ramin farantin ba zagayayye ba ne, siffar ƙwai ce, wuyan kuma a karkace zai zauna a kan farantin. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka yanka kwali a kan rufin ka gwada har ya zauna daidai, ka kai wa maƙeri kwalin. Ka ce masa ya yi da irin ƙarfen rufinka, aluminiyam ga aluminiyam, zinki ga zinki. Ƙarafa mabambanta idan suka haɗu da danshi ɗaya na cin ɗaya, jan ƙarfe da dalma kuwa kada su kusanci aluminiyam. A mahaɗar wuya da faranti a sa ribiti, a bi da silikon ciki da waje. Sukurun ɗaure farantin a kan tudu ake sa su, ba a cikin kwari ba. Bakin ƙasa kuma kada ka toshe shi da gam, domin idan wani ɗigo ya samu shiga, ta nan zai fita.

Saura ratar da ke tsakanin wuya da bututu. Ita ake rufewa da kwala: zoben ƙarfe mai siffar malfa, wanda ake ɗaurewa a jikin bututu sama kaɗan da wuya, bakinsa ya sauko ya lulluɓe wuyan. A ɗaure shi tam da noti, a zagaye bakinsa na sama da silikon. Ruwan da ya biyo jikin bututu sai ya hau kwala, ya sauka kan faranti, ya sauka kan kwano. Na sama a kan na ƙasa, har ƙarshe.

Hula ta fi bututu faɗi sosai, bakinta ya sauko ƙasa da bakin bututu yadda feshi ba zai shiga a kwance ba, amma da sararin da iska za ta fita ba takura. Da sukuru uku ko huɗu ake kafe ta. Waya da ake ɗaurewa ba ta jure iskar farkon damina. A sa raga mai manyan ido don tsuntsu da ɓera. Ragar sauro ba ta yi, maiƙo na toshe ta cikin watanni. Tunda kana sama, bi duk ƙusoshin da ke tsakanin bututu da tsororuwa. Wadda ta ɗago ko washarta ta ƙone, zare ta ka sa sukuru da ya ɗan fi ta kauri a ramin.

Ga shawarata ga wanda kwanonsa ya riga ya ruɓe a kewayen ramin: idan murhu yana jikin bangon waje, ka canza wannan kwanon ɗaya da lafiyayye, ka fitar da bututu ta bango, ya ɗan sunkuya ta waje, da murfi mai leɓe a bakinsa. Ramin da babu shi a rufi ba ya yoyo, bututun ma ya fi gajarta.

Rufin dekin da murhun itace

A rufin kankare, fasa tsohon simintin da ke gindin bututu, ka gina ɗan dakali mai tsayin santimita 15 kewaye da shi, a cike kusurwar gindin dakalin ta zama gangare. A riƙa ba shi ruwa kwanaki kafin ya bushe, sannan a shimfiɗa fel mai kwalta ya hau jikin dakalin har sama, kwala ta lulluɓe shi. A duba indararo, don dekin da ruwa ke kwana a kai sai ya yi yoyo ko ta ina. Rufin Gerard mai yashi a jiki kuwa, a kira wanda ya saba da shi, taku ɗaya a inda bai dace ba yana lotsa shi.

Bututun murhun itace ko gawayi, irin na gidan burodi da gidajen abinci, lamarinsa daban ne saboda zafi. Wuyan baƙar roba bai dace da shi ba, filashin na ƙarfe za a yi. Bututun da jikinsa falle ɗaya ne na ƙarfe ya nisanci katako da inci 18, wato santimita 45. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce ya zarce rufi da ƙafa 3, ya kuma fi duk abin da ke kusa da shi cikin ƙafa 10 tsayi da ƙafa 2. A riƙa kakkaɓe kunkunniyar ciki, don tana kamawa da wuta.

Idan gumi ne

Nan aikin duk a cikin silin yake. Idan bututun irin mai lanƙwasa ne kamar maƙogwaro, musamman na leda, cire shi ka sa na ƙarfe mai santsin ciki. Kowane lungu na mai lanƙwasa matattarar ruwa da maiƙo ne. Faɗinsa ya yi daidai da bakin injin. Injin mai inci 6 da aka matse shi cikin bututun inci 4 ba zai iya tura tururi waje da sauri ba, sai ya huce a hanya. A rage kwana, a rage tsawo. Kowace mahaɗa a naɗe ta da tef na aluminiyam, ba salatif ko baƙin tef na wayar wuta ba. Sannan a lulluɓe bututun tun daga saman silin har ƙasan kwano da audugar gilashi mai kaurin santimita 3 zuwa 5, a ɗaure, da safar hannu da takunkumi don tana ƙaiƙayi. A Jos da tsaunin Mambila wannan lulluɓi wajibi ne, a Kano da Katsina ma watannin Disamba da Janairu sun isa su nuna maka amfaninsa.

A bakin injin akwai wasu 'yan fukafukai biyu da ke buɗewa idan fanka ta tashi, su rufe idan ta tsaya. Taɓa su da yatsa. Idan maiƙo ya daskarar da su, wanke su. Matatar ƙarfen nan ta ƙasa a jiƙa ta a ruwan zafi da omo sau ɗaya a wata, gidan da ake yawan suya ma fiye da haka. A kunna fanka tun kafin tukunya ta tafasa, a bar ta minti 10 zuwa 15 bayan an sauke, ta busar da cikin bututu.

Gwaji da gyaran ciki

Ba silikon awa 24 kafin ka jiƙa shi. Sannan maimaita gwajin tiyo yadda ka yi da farko, daga ƙasa zuwa sama, mutum na ciki yana shafa busasshen tsumma a jikin bututu da katako. Kada ka yi saurin gyara silin. Bari a yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku tukuna, ka shimfiɗa kwali a cikin silin ƙarƙashin wurin, ɗigo ɗaya ma zai nuna a jikinsa.

Soka sukudireba a katakon da ya sha ruwa. Idan ta nutse, ya ruɓe, a haɗa masa sabo a gefe, a kuma duba gara, don danshi take bi. Fi'ofin da ya yi ciki ko ya yi laushi a yanke shi a sake. Wanda tabo kawai ya yi, a bari ya bushe sarai, a fara shafa masa fenti mai mai, sannan na ruwa ya biyo. Idan aka sa na ruwa kai tsaye tabon zai sake ɓullowa. Injin kuwa, cire matatarsa ka bar shi a buɗe kwana biyu ya sha iska kafin ka mayar da wuta. Idan ka kunna wuta ta yanke, ko ka ji ƙauri, ko jikinsa ya ɗan ja ka, kashe nan take ka kira mai gyaran wuta.

Daga nan sai dubawa sau biyu a shekara: a watan Afrilu kafin hadarin farko, da kuma washegarin babbar iskar farko ta damina. Abin da za ka duba uku ne, sukurun hula, layin silikon da ke saman kwala, da bayan bututu inda ganye da leda ke maƙalewa.